Ƙurar Ɗakin Gwaggo, Shara Ce Ko Asiri?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo ƙaramin abu ne ƙwarai a ido, watau ƙura, irin wadda kowannenmu yake kakkaɓewa daga kan littattafansa kowace safiya in hunturu ya shigo. Na san wani zai ce ina ruwan Ƙungiyar Hausa da ƙura, ai wannan aikin mutanen ɗakin gwaje-gwaje ne. To, a yi mini haƙuri a bi ni sannu, domin maganar ta faro ne daga bakin wata tsohuwa wadda ba ta taɓa shiga ɗakin gwaji ba, kuma har yau ban gama ba ta amsa ba.

Ina da gwaggo a unguwar Gama, cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa a nan Kano. Gidanta irin gidajen nan ne da muka sani, da zaure, da tsakar gida wadda rabinta siminti rabinta ƙasa, da turken awaki a gefe, da kaji suna ta kai da kawowa. Ran nan da hantsi na je gaishe ta tare da wani abokina mai nazarin ƙananan halittu, wanda ya daɗe yana sha'awar ya auna ƙurar gidajen unguwanni dabam-dabam. Muka yi sallama, aka amsa, muka durƙusa muka gaisa, ta sa aka kawo mana ruwa. Da na ga hira ta yi daɗi sai na gabatar da buƙatar abokina, na ce, "Gwaggo, wata 'yar alfarma yake nema. Ƙurar da take saman ƙofar ɗakinki yake so ya ɗan shafa da auduga, awo zai yi."

Gwaggo ta ajiye farantin da take tsintar shinkafa, ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Awon me? In ƙura yake so ga titi nan cike da ita, ya ɗiba da buhu ba mai hana shi. Me ya sa sai ta ƙofar ɗakina?" Abokina ya fara bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Ɗan nan, ba na zarginka da kome. Amma mu tun muna yara aka hore mu kada mu bar gashi ko farce a fili, sai mu binne. Wanda kuwa ya zo ɗiban ƙasar sawunka, ba a tambayarsa abin da zai yi da ita, an sani."

Muka fito muna ƙunshe dariya. Sai da muka yi nisa, dariyar abokina ta tsaya, ya ce mini, "Ka san wani abu? Tambayarta ita ce tambayar. Ta titi ba za ta yi mini ba, dole sai ta ƙofar ɗakinta, don ita ce take ɗauke da labarinta."

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mai karatu ya san irin awon da ake magana, in ba haka ba za mu yi ta gardama a kan abin da ba mu gani ba. Tun shekarar 1676 wani mutumin Holan mai sayar da tufafi, Antoni fan Leeuwenhoek, ya leƙa cikin ɗigon ruwa da wani madubi da ya ƙera da hannunsa, ya ga wasu halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani. Bayan shekara ɗari biyu da 'yan kai, a 1882, Robert Koch na Jamus ya nuna ƙwayar da take haddasa tarin fuka. Daga zamanin su Koch hanyar da aka sani ta gane waɗannan halittu ita ce a zuba musu abinci a faranti, a rufe, a jira su tsiro su yi yawa har a gan su. Sai dai masana sun lura da wani abin mamaki. In aka ƙirga halittun da suke cikin 'yar ƙasa kaɗan ta madubi, sa'an nan aka shuka ƙasar a faranti, abin da yake tsirowa sau da yawa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Misalinsa kamar mutum ne ya dafa tuwon dawa da miyar kuka ya ajiye a bakin Kasuwar Kurmi, ya ce da waɗanda suka zo suka ci zai ƙirga mutanen Kano. Masu son shinkafa, da masu azumi, da waɗanda suke cikin kulle, duk ba sa cikin lissafinsa.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne sanin da aka yi cewa kowane mai rai yana ɗauke da wani rubutu na gado a cikin jikinsa, wanda Turawa suke kira DNA. A 1977 Carl Woese na Amurka ya nuna cewa akwai wani yanki na wannan rubutu da dukan waɗannan ƙananan halittu suke da shi, amma kowace zuriya da ɗan bambancinta, kamar yadda aska ɗaya take tsaga fuska amma tsagar Gobirawa dabam, ta Barebari dabam. A 1983 kuma Kary Mullis ya gano hanyar ninka rubutun, wadda ake kira PCR, sunan da muka yi ta ji a rediyo lokacin annobar korona ta 2020. Ana farfasa halittun da suke cikin ƙurar, a tace rubutun, a zaɓi yankin da ake so, sa'an nan na'ura ta riƙa ninka shi, ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu. Mai shakka ya ɗauki takarda ya ninka ɗaya sau 30, zai tarar ya haura miliyan dubu. Da ya yi yawa haka sai a karanta shi, a gwada da kundin da aka tara, a ce wannan ta ƙasar gona ce, wannan ta fatar mutum ce, wannan daga cikin akuya ta fito. Ba a bukatar halittar ta yarda ta ci tuwon da aka dafa mata.

To, me aka gani da aka fara yi wa ƙurar gida wannan karatu? A 2015 wasu masana a Amurka, cikinsu akwai Noah Fierer da Rob Dunn, suka buga sakamakon ƙurar gidaje kimanin 1,200. Kuma daga ina aka shafo ƙurar? Daga saman ƙofa, daidai wurin da abokina ya nema, domin nan ne tsintsiya ba ta cika kaiwa ba. Suka tarar da dubban ire-iren halittu a gida ɗaya. Fumfunar da take cikin ƙurar tana nuna yankin ƙasar da gidan yake. Bakteriyar kuwa tana nuna mazauna gidan, ko akwai kare, ko akwai kyanwa, har ma ko maza sun fi mata yawa. Daga baya, a 2023, wasu masana na Jami'ar Fulorida suka ba da labarin cewa suna neman rubutun gadon kunkurun teku a cikin yashi da ruwa, sai suka riƙa tsintar na mutane, har daga sawun da mutum ya taka a kan yashi, kuma mai kyau ƙwarai wanda za a iya karanta asalin mai shi da wasu cututtukan gadonsa.

Daga sawu, jama'a. Ni ban yarda cewa wani boka zai ɗebi ƙasar sawuna ya kwantar da ni ba, kuma addininmu ya hane mu da wannan hanya gaba ɗaya. Amma dole in sunkuyar da kai in ce ginshiƙin maganar Gwaggo yana nan daram. Mutum yana barin wani abu nasa a inda ya taka da inda ya kwana, kuma wanda ya san hanya zai iya ɗauka ya yi aiki da shi.

A nan ne tambayar farko ta taso. Bahaushe ya gina gidansa a kan sutura. Zaure shi ne iyakar baƙo, ba ka wuce shi sai da sallama da izini, kuma Alƙur'ani mai girma a cikin Suratun Nur ya yi umurni da neman izini kafin a shiga gidan da ba na mutum ba, a Suratul Hujurat kuma ya hana binciken asirin mutane. Amma duk wannan tsari an yi shi ne saboda ido da kunne da ƙafa. Katanga tana tare ido. Ba wanda ya taɓa tunanin cewa shara za ta yi tsegumi. Abin da aka share aka zubar a juji, a al'adarmu ya fita daga hannun mai shi, almajiri ya tsinta, manomi ya kwashe ya kai gona a kan jaki ko a-kori-kura, ba wanda zai ce an yi sata. Shin in na tsinci ƙurar ɗakinka a juji na karanta ta, na san ku nawa ne a ɗakin, na san akwai mai tari a cikinku, na shiga gidanka ko ban shiga ba? A ganina na shiga. Sutura don labarin mutum aka yi ta, katangar kuwa hanya ce kawai ta tsare labarin. In aka samu wata ɓarauniyar hanya da take kaiwa ga labarin ba tare da an tsallake katanga ba, hukuncin yana bin labarin.

Akwai kuma wani ƙulli a ciki. A ce Gwaggo ta yarda. To, ƙurar ɗakin nan ta Gwaggo ce ita kaɗai? Akwai jikokinta da suke kwana a ɗakin, akwai surukarta, akwai maƙwabciyar da take shigowa kitso, akwai mai tallan fura. Kowa ya bar nasa. Yardar mutum ɗaya ta isa a karanta mutum goma? Takardar nan da ake ba mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa an tsara ta ne don mutum ɗaya da jininsa ɗaya, ba ta san gidan gandu ba.

Kada mai karatu ya zaci ina kira ne a rufe ƙofa. Wanda ya ƙi a auna ƙasa ya ƙi alheri mai yawa, kuma ga shaida. Ƙamshin nan da yake tashi in ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, wanda yake sa tsofaffi su fara maganar iri da taki, wata zuriyar bakteriyar ƙasa ce mai suna Streptomyces take fitar da shi. Daga wannan zuriya ne a 1943 wani ɗalibi mai suna Albert Schatz, a ɗakin gwajin malaminsa Selman Waksman, ya fitar da maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. (Lambar Nobel ta 1952 kuwa malamin aka ba shi kaɗai, bayan ɗalibin ya riga ya kai shi kotu a kan haƙƙinsa. Na faɗi wannan ne don 'yan'uwa ɗalibai su sani abin ya daɗe, malamanmu kuma su yafe mini.) Daga wata 'yar'uwarta da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Japan aka yi maganin makantar rafi, wanda aka yi shekaru ana rabawa kyauta a ƙauyukan Nijeriya. Wa ya san abin da yake kwance a turɓayar Gama? Ƙurar hunturun da take sauka a kan ƙofar Gwaggo ma mai dogon tarihi ce. Mafi yawanta daga wani kwari mai suna Bodele take tasowa, a arewacin Cadi, inda dā can tafki ne babba ya ƙafe, kuma wani masani mai suna Grant McTainsh ya auna saukarta a nan Kano ya buga sakamakonsa a 1980. Jin haka kaɗai ya isa ya sa mai son ilmi ya yi marmarin sanin ko su wane ne suke hawa wannan ƙura su zo mana baƙunci kowace shekara.

Amma labarin magungunan nan yana da wutsiya. A 1949 wani likita ɗan ƙasar Filifin, Abelardo Aguilar, ya aika wa kamfanin da yake yi wa aiki a Amurka ƙasar da ya ɗebo a garinsu. Daga cikinta aka samu wani maganin ƙwayoyin cuta da har yau ake sha a duniya. Ya yi ta neman a ba shi wani kaso, har ya rasu bai samu ba. Ƙasar mutanen Iloilo ta tafi a banza, ta dawo musu a kwalba da kuɗi. Saboda irin wannan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, cewa wanda ya ɗauki halittar wata ƙasa ya ci riba da ita, ya raba ribar da masu ita. Yarjejeniya ce tsakanin gwamnatoci, ba ta san sunan Gwaggo ba.

Mu Kanawa kuwa ba ma bukatar zuwa Filifin neman misali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum dubu 11 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi izini kuma cutar ce ta kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Tsakanin nan, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, ba a koma ba sai 2004, kuma cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata har da wannan gwaji. Yara nawa suka shanye a dalilin wannan dakatarwa, a nan da wasu ƙasashe? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka ɗalibin da ya shiga lungun Gama da audugarsa, ko ya sani ko bai sani ba, akwai bashin da ya tarar a ƙofa, wanda ba shi ya ci ba, amma shi za a tambaya.

Yanzu bari mu juya ga tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko ɗaure mini kai, watau maganar tsabta. Harshenmu da kansa ya riga ya yanke hukunci, domin duk waɗannan halittu sunan da muka ba su shi ne ƙwayoyin cuta. Alhali kuwa masu cutarwa a cikinsu 'yan kaɗan ne. Su ne suke mai da madara nono, su ne suke nuna daddawa, su ne suke ruɓar da taki ya zama abincin gero. Kamar a kira dukan mutanen gari ɓarayi ne don an kama mutum uku.

A 1989 wani likita a Ingila, David Strachan, ya lura cewa yaran da suka taso cikin 'yan'uwa da yawa ba su cika kamuwa da atishawar nan ta ƙin jinin ƙura da fure ba. Aka yi ta bin wannan zare. A 2016 aka buga wani bincike a kan wasu al'ummu biyu na manoma a Amurka, Amish da Hutarawa, waɗanda asalinsu ya yi kusa da juna, abincinsu da yawan 'ya'yansu ma haka. Bambancinsu shi ne Amish da dawaki suke noma kuma garken shanunsu yana dab da gida, yara suna shiga suna fita, Hutarawa kuwa da manyan injuna suke noma, dabbobinsu suna nesa da gidaje. Ciwon asma a yaran Amish kimanin 5 ne cikin 100, a yaran Hutarawa kuwa ya haura 21. Da aka ɗiga wa ɓeraye ruwan ƙurar gidajen Amish a hanci sai ya kare su daga alamun asma, na gidajen Hutarawa bai kare su ba. A 2019 kuma masana a Finlan suka nuna cewa ko gidan da ba na manoma ba, in ƙurarsa ta yi kama da ta gidan gona, watau bakteriyar ƙasa ta yi yawa a cikinta, yaran gidan sun fi tsira daga asma.

Duk wanda ya san Kano, da jin wannan zai hango unguwanni biyu. Ga Nassarawa ta manya, wadda Turawan mulki suka keɓe wa kansu, yau gidajenta da tayil har tsakar gida, da gilashi a rufe, da na'urar sanyaya ɗaki, yaro daga ɗaki sai mota, daga mota sai aji. Ga kuma Gama, a ƙaramar hukuma ɗaya, inda yaro yake rarrafe a ƙasa, ya kama jelar akuya ya miƙe. Zuciya tana so ta ce, ashe talaka ne ya ci riba. Har mutum ya ƙara da cewa ai daga turɓaya aka halicce mu, kuma in ruwa ya ƙare da ƙasa muke taimama mu yi salla, ina ƙasa ina ƙazanta? Na taɓa faɗin haka a wata hira a makaranta, aka tafa mini. Yanzu ina jin kunyar tafin nan.

Dalilin kunyar shi ne, ƙasar da aka ce a yi taimama da ita an gindaya mata sharaɗi, sai mai tsarki. Gidajen Amish ɗin nan kuwa a share suke tsaf, ruwansu mai kyau ne, ba kwata a ƙofarsu. Abin da yake shiga ɗakunansu ƙurar gona ce da ta ciyawa. Abin da yake shiga ɗakin Gwaggo kuwa gauraye ne. Akwai na ƙasa da na akuya, akwai kuma abin da kwata ta tumbatso da damina ya bushe da rani, akwai abin da rafin Getsi yake kwasowa daga masana'antun Bompai ya bi ta gefen unguwar kafin ya haɗu da Jakara. A cikin ƙasar nan mai albarka ne kuma ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora take zaune, wadda ta kashe jarirai da yawa ta hanyar cibiya. In wani mai mulki ya ji cewa ƙura magani ce, ya ce to a bar Gama da kwatarta tunda tana ƙara wa yara lafiya, da bakinmu muka ba shi hujja. Kuma ban taɓa ganin wanda ya yabi ƙurar talaka ya kwashe 'ya'yansa ya koma lungun da zama ba.

Shi kansa awon yana da iyakarsa, kuma ya kamata a faɗa. Rubutun gado ba ya gushewa da mutuwar mai shi, saboda haka na'ura takan ƙirga gawa tare da mai rai, sai in an yi wata dabara ta musamman. Babban abin ma shi ne, abin da aka tambaye ta kaɗai take amsawa. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, har aka rasa aƙalla 400. Abin da ya kashe su ƙurar gida ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙawa, duwatsun kuwa cike suke da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida da tabarma da hannun yara. Maganin da aka yi shi ne kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, a Bagega ma sai 2013 aka samu yin haka. Da a ce wani ya shafo ƙurar gidajen nan ya yi mata awon DNA kaɗai, da ya dawo da kyakkyawan labari, ga bakteriyar ƙasa iri-iri, ga ta shanu, gida mai kama da gidan gona. Dalma ba ta da rubutun gado, na'urar ba za ta gan ta ba.

Sa'an nan akwai maganar suna. A ce an gama awo an rubuta cewa ƙurar gidajen Gama ta fi ta Nassarawa yawan ƙwayoyin bayan gida. Gaskiya ce mai yiwuwa, kuma mai amfani in ta kai kunnen masu gyaran magudanan ruwa. Amma yaya za ta fito a bakin mutane? Za a ce mutanen Gama ƙazamai ne. Laifin kwatar da ba a gina ba sai ya koma kan matar da take shara sau biyu a rana. Mutanen wannan unguwa sun san yadda ƙidaya take jawo wa wuri suna, domin tun zaɓen gwamna na watan Maris 2019, da aka soke sakamakon mazaɓarsu aka sake zaɓe, in ka ce Gama a wajen Kano ba abin da ake tunawa sai wannan. Lamba ba ta ƙarya, in ji masu lissafi. Na yarda, amma ba ta tafiya ita kaɗai, kullum akwai wanda ya ɗauko ta da inda zai kai ta.

To, ina na tsaya? Ina ganin a yi awon, kuma 'ya'yan ƙasar nan su yi shi, domin in ba mu karanta ƙurarmu ba za mu yi ta ɗaukar hukuncin da aka yanke a kan gidajen Finlan muna ɗora wa gidajen Kano. Amma mai ɗiba ya ɗauki kansa a matsayin baƙon da ya wuce zaure. Ya faɗi abin da zai nema da Hausar da tsohuwa za ta gane, ya faɗi abin da zai iya gani ko da bai nema ba, ya yi alkawarin zubar da abin da ya shafi jikin mutane in ba shi aka ba shi izini a kai ba, ya nemi yardar manyan gidan duka. Bayan haka ya dawo. Wannan dawowar ita ce muka fi kasawa a kanta mu 'yan jami'a. Mukan je da takardun tambayoyi, a ba mu tabarma da ruwa da amsa, mu samu digiri, kundin ya kwanta a kanta cikin Turanci yana tara tasa ƙurar, waɗanda suka ba mu amsa ba su ƙara ganinmu ba.

Bayan mako biyu na koma Gama ni kaɗai. Na tarar da Gwaggo tana turara ɗaki, na zauna na kwashe duk abin nan na gaya mata gwargwadon iyawata, har da labarin sawun da aka karanta a kan yashi. Ta ce, "Ka gani ko? Ku da kuke dariya." Na ce, "Gwaggo, wa ya gaya miki mun yi dariya?" Ta ce, "Na haifi irinku biyar." Sa'an nan ta yi shiru jim kaɗan, ta ce, "Ka ce wa abokin naka ya zo. Amma sai Malam yana gida, kuma a gabana zai shafa. In ya gama awon ya dawo nan ya zauna a kan tabarmar nan ya gaya mini abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi. In akwai abin da yake sa wa yaron nan tari da dare, ina so in sani." Na ce zan gaya masa. Har na kai zaure ta kira ni, ta ce, "Kuma ka tambaye shi, in ya tarar kwatar nan ce, wa zai kai wa takardar?"